Tuwon girma miyarsa nama

Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. Duk wanda ya taɓa yin baƙunci a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san ba a banza aka yi wannan magana ba. Idan baƙo ya sauka gidan mutum, da tsokar da ke bisa akushi yake gane matsayinsa wurin mai gida. Talaka yakan yanka zakaransa guda, mai hali ya kada rago, Bafillace ya kawo ƙwarya cike da nono, Buzu ya miƙo cuku da shayi. Da nama da nono ake cewa maraba a ƙasar nan, da su ake ba da haƙuri, da su ake ƙulla ciniki da aure. Saboda haka mutumin da ya wayi gari ya ce ya bar cin duk abin da ya fito daga jikin dabba ya ɗauko wa kansa babban aiki, kuma mafi yawan aikin tsakaninsa da mutane yake.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Yamai da ya ɗauki wannan hanya. Ba'are ne, haifaffen wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, ya haura shekara hamsin, da iyalinsa da rufin asirinsa. A da yana cikin waɗanda ba su kwana sai sun biya wurin mai tsire, kuma in aiki ya kai shi cikin jihohi ba ya komowa sai da ƙunshin kilishi na tsaraba. Likita ne ya fara taka masa birki, ranar da awo ya nuna hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, ga kuma ciwon gaɓoɓi da ke hana shi sa takalmi. Aka ce ya rage jan nama da kayan ciki da gishiri. Ya rage, yana yi yana ƙorafi. Ana nan sai aiki ya kai shi Adis Ababa, babban birnin Habasha, aka yi dace zuwansa ya faɗo cikin babban azumin Kiristocin Otodoks na ƙasar, azumin kwana 55 da suke yi kafin bikin Ista. Cikin waɗannan kwanaki, da kuma kusan kowace Laraba da Juma'a, masu azumin ba su cin nama, ba su shan nono, ba su taɓa man shanu ko ƙwai. Abin da ya ba shi mamaki shi ne kowane gidan abinci da shirinsa. Mutum ya ce abincin azumi yake so, sai a kawo masa faifan injera da miyar wake iri-iri da ganye, ba mai ɗaga ido ya dube shi, ba mai tambayarsa dalili. Ya yi makonni yana cin wannan, ya ji jikinsa sakayau, da ya komo gida sai ya ci gaba. Daga baya wani dalili ya ƙaru wanda ba na likita ba: ya iske ransa ba ya son ganin dabba a ɗaure tana jiran wuƙa. Wannan dalili na biyu ba safai yake faɗinsa ba, don ya san dariyar da za a yi masa.

Irin wannan ci yana da suna a ƙasashen Turai. A shekarar 1944 wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiya a Ingila, suka raɗa wa kansu suna bigan, don su bambanta da waɗanda suka bar nama amma suna shan madara suna cin ƙwai. Faransawa na ce wa mai irin wannan ci bejetaliyan. Sharaɗin shi ne ba nama, ba kifi, ba nono, ba ƙwai, har zuma ba a sha. To amma abin ya girmi Turawan. Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham wanda ya rayu daga 973 zuwa 1057, ya yi fiye da shekara 40 bai ci ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi ma bai tsira daga tambaya ba, don a ƙarshen rayuwarsa wani babban mai da'awa na daular Fatimiyya ya riƙa aiko masa da wasiƙu yana neman ya faɗi hujjarsa.

Ma'aikacin nan bai sha wuya a cikin gidansa ba. Uwargida ta yi gunaguni na ɗan lokaci, sannan ta saba ɗibar masa miya a ƙaramar tukunya kafin ta zuba nama. Wahalar daga ƙofar gida take farawa. Mai tafiya daga Yamai zuwa Damagaram, kilomita wajen 900, ya san garuruwan da motoci ke tsayawa: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa. Ko'ina hayaƙin balangu ne ke fara tarbar matafiyi, ga gasassun kaji da zabi, ga dafaffen ƙwai, ga masu hura da nono. In ya zauna wurin mai tuwo ya tambaya ko da nama a miyar, sai ta ce babu, ta kuwa faɗi gaskiyarta, don a wurinta nama shi ne yankan da ake saye daban. Ƙashin da aka dafa miyar da shi, da garin busasshen kifi, da man shanun da za ta yaryaɗa bisa tuwo, duk ba ta lissafa su. Wata kuma sai ta sa ludayi ta tsame yankan a gabansa ta ce: "Ga shi nan, Alhaji, na cire maka." Mai shayi da safe ya riga ya shafa mayonez a burodi ya zuba madara a kofi tun mutum bai gama sallama ba. Sannan ga tambayoyin abokan tafiya, waɗanda ya haddace su kamar karatun allo. Kaza fa? Kifi ai ba nama ba ne. To fara fa, ita ma dabba ce? Yakan amsa da murmushi, ya sayi gujiya da ayaba, ya koma mota.

Abin mamaki, ba abincin ne babu ba. Bayan Najeriya, ba ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya. Ga shinkafa da wake da man gujiya, ga ɗan wake, ga ƙosai, ga wasa-wasa, ga awara da ake yi da waken suya, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wanda Zabarmawa ke ce wa kopto, ga dambu, ga rogo da dankali, ga albasar Galmi da tattasan Difa da ayar Maraɗi. Mai neman abincin da ba dabba a cikinsa zai same shi a kowace unguwa, da araha. Sai dai wannan abinci ba a tebur yake ba, a bakin hanya yake, a kan tiren ƴan talla da kwanon mata masu suya. Babban ma'aikaci da babbar riga ya tsuguna gaban mai ɗan wake, kafin la'asar labari ya kai buro. Waɗanda suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, sun san fassarar da ake yi wa irin wannan tsuguno: ko dai bashi ya ci mutum, ko kuwa rowa ta kama shi.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. A ƙasar nan ganye yana tuna wa mutane yunwa. Dattawan da suka ga farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 wadda ake ce wa El-Buhari, da ƙarancin abincin 2005, ba su manta lokacin da aka rayu da tafasa da jiga da anza ba. Mutumin da ya ci ganye dole yana yaro, ya yi fafutuka har Allah ya hore masa abin yanka, ba zai gane da sauƙi ba a ce baƙonsa ya ture rago ya nemi zogale. A ganinsa, ajiye wa baƙo ganye tonon asirin kai ne, kamar ya ce wa duniya gidansa ya koma gidan jiya.

A wurin aiki kuwa, tarurrukan ƙara wa juna sani da ake yi a manyan otel su ne jarrabawarsa ta kowane wata. Ana jera kaji da naman rago da kifin kogi, shi kuwa ya zagaya da farantinsa ya komo da farar shinkafa da tumatir da ɗan salak, in an yi sa'a ba a kwaɓa shi da mayonez ba. Nan take hirar tebur ke komawa kansa. Wani ya ce ciwon ne ya yi tsanani yana ɓoyewa. Wani ya ce ya shiga wata ɗariƙar Indiya. Akwai wanda ya rantse wani boka ne ya gindaya masa sharaɗi don ya samu muƙami, ya ƙara da cewa ai mutanen Arewa an san su da bori. Ba wanda ya yarda mutum mai hankali, mai albashi, zai bar nama don ra'ayin kansa kawai. Ya lura kuma da wani abu: ko bai ce uffan ba, wasu na jin kamar farantinsa na yi masu wa'azi, sai su fara kare kansu daga zargin da ba wanda ya yi masu.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada da abin da ya faru a Maraɗi. Akwai wani dattijon attajiri wanda ya riƙe shi a gidansa lokacin da aka fara tura shi aiki garin yana saurayi. Da dattijon ya ji yana tafe, sai ya sa aka yanka rago, aka gayyaci abokan kasuwa don a nuna masu yaron gida da ya zama babban mutum. Aka shimfiɗa darduma, aka jere kwanoni. Ma'aikacin ya ba da haƙuri a gaban jama'a, ya ce ya bar cin nama. Shinkafar ma da romo aka dafa ta, saboda haka ruwa kaɗai ya sha. Wurin ya yi tsit. Bayan baƙi sun watse dattijon ya ce masa: "Ɗana, ko wani abu ya shiga tsakaninmu ban sani ba?" Ya ce: "Wallahi babu, Baba Alhaji." Dattijon bai ƙara magana ba. Ƴan kasuwa sun san abin da ke ransa. A al'adarsu wanda ya ƙi cin abincinka ɗayan uku ne: ko yana tsoron ka sa masa wani abu, ko yana riƙe da kai a zuci, ko kuwa yana shirin cin amanarka ba ya son ya ci gishirinka tukuna. Sai da aka yi watanni, aka sa wani aminin dattijon ya shiga tsakani, kafin gaisuwa ta koma yadda take.

Sai kuma mahaifiyarsa a ƙauye. Shi ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma doguwar hira da shi. Abin da bakinta ba ya faɗi, da hannunta take faɗinsa: duk zuwan da zai yi sai ta sa an yanka zabuwa daga cikin waɗanda take kiwo, ta dama masa hura da kindirmo da kanta. Ran da ya mayar da kwanon zabuwar a rufe, ba ta dube shi ba, sai ta juya ga ƙanwarsa ta ce: "Ki tambayi wannan, wa ya ce masa abincina zai kashe shi?" Ya rasa amsa. Ya jawo ƙwaryar hura ya yi kurɓi uku, ya ce: "Inna, na sha." Tun daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa duk ƙa'idarsa ba ta wuce ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Amma tsohuwar ma ta yi nata tunanin. Zuwansa na gaba ya iske ta dama masa hura da ruwan tsamiya, ta yi dambun zogale da gujiyar da ta daka da hannunta. Zabuwar kuwa aka ɗaure mata ƙafa aka sa a bayan mota da ranta, ta ce ta jikokinta ce.

Maganar addini ita ce tambayar da ya fi ɗauka da nauyi, don haka ya je ya tambayi malamai. Amsar da ya samu ba ta da rikici. Wanda ya ce nama haramun ne ya yi babban kuskure, don ba mai ikon haramta abin da Allah ya halatta. Amma wanda ya bar cin wani abu saboda lafiyarsa, ko don ransa ba ya so, alhali ya yarda halal ne, ba laifi a kansa. Suka tuna masa da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen dabbu, wato dangin damo, ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Halidu ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Saboda haka ran Babbar Salla ma'aikacin nan yana sayen ragonsa kamar kowane magidanci, ya wakilta ƙanensa ya yanka. A banƙare ragon a kan sanduna a jera shi gefen wuta tare da na maƙwabta, ya wuni yana gasuwa, washegari a raba. Kwanonin da ke shigowa daga maƙwabta da hannu biyu yake karɓarsu, ya yi godiya ya sa albarka, bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. Ƴan ƙungiyar Ingila za su ce ba nasu ba ne. Shi kuwa sunan bai dame shi ba.

Wanda ya fi kowa matsa masa shi ne wani Bafillace abokin aikinsa. Tsakanin Filani da Arawa akwai wasan taubasantaka, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, saboda haka ba a jin haushi. Kullum sai ya ce masa: "Ba'are, bawana, ka ƙi nono ne don ba ka da saniya." Amma a ƙarƙashin wasan akwai magana mai nauyi. Turawan da suka bar nama, yawancinsu suna ƙyamar yadda ake cushe dubban dabbobi cikin gidajen kiwo ba su ganin rana, suna kuma kafa hujja da rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013, wanda ya ce kiwo ne ke fitar da kashi 14,5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita. Saniyar Bafillace kuwa a daji take yini. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa a ƙasar nan, kuma bayan wannan iyaka ruwan sama ba ya isa hatsi ya nuna. Can dabba ce kaɗai ke iya mayar da ciyawa abincin mutum. Wanda ya ce wa makiyayin Abalak ko na Ingal ya bar nono, ya ce masa ya bar ƙasarsa ne. Ma'aikacin ya yarda da wannan ba gardama. Ya san kuma akwai sinadarin bitamin B12 wanda ba a samunsa yadda ya kamata a tsirrai, rashinsa na kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi, shi ya sa yake shan ƙwayarsa bisa shawarar likita. Ƴaƴansa suna shan nono suna cin ƙwai. A ƙasar da ma'aikatan lafiya ke fama da tamowa, suna kuma yaƙi da camfin nan na cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, ba ya son wani ya ji labarinsa ya hana yaro ko mai ciki abin da jikinsu ke bukata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shekaru sun koya masa ƴan dabaru. Ba ya bari sai an ajiye kwano sannan ya yi magana. Tun kafin ya tashi yake aikawa a faɗa wa uwargidan gidan, a asirce, cewa shinkafa da wake da man gujiya sun ishe shi, don kada a yi yanka saboda shi. In ya iso yakan zauna a tabarma ɗaya da kowa, ya wanke hannu tare da su, ya ci abin da zai iya ci da yawa har mai gida ya gani, ya yaba wa mai girki. In an yi masa ƙunshin nama na guzuri ya karɓa ya kai wa iyali. Ba ya kawo zancen mahauta ko na tausayin dabba a wurin cin abinci, in kuma aka tsananta tambaya sai ya ce likita ne, don ya lura mutane na yafe wa mara lafiya abin da ba su yafe wa mai ra'ayi. Da wannan ya koma cin abinci a gidan dattijon nan na Maraɗi. Yanzu in ya sauka ana yanka wa sauran baƙi, shi kuma a dafa masa wake a tukunya daban, dattijon na yi masa ba'a yana cewa ga baƙon da ba ya karya mai gida.

Masu irin wannan ci ba su da yawa a ƙasar nan, kuma ba alamar za su yi yawa. Amma masu tansiyo da ciwon suga da ciwon gaɓoɓi suna nan a kowace kasuwa da kowane buro. Da yawa cikinsu kunya ke sa su cinye abin da likita ya hana su a gidan suna ko gidan biki, su koma gida su kwana suna juyi. Mai gidan da ya aika tun da wuri ya tambayi baƙonsa ko akwai abin da ba ya ci bai rage komai daga karamcinsa ba, mai otel ɗin da ya ajiye tukunya guda ta wake ko ta ganye ba romo a ciki ba zai yi asara ba, shi kuma baƙo ya tuna cewa wanda ya yanka masa zakara ƙila shi ke nan gare shi. Tun da can aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah ya ƙara wa kowa lafiya, ya bar zumunci.